Makubar Dare Ɗaya

Matameye, 4 ga Maris

Zuwa ga yayan su Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yaran da kake aiki da su. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara. Babanku yana Kano har yanzu, ya aiko cewa sai ya ga hadari zai dawo.

Ga buhun makuba da ka ce a nemo, na ba Cha'ibu direba. Ta bara ce, daga Yauri, wajen matar da nake sayen kalwa. Na zazzage ta na duba da hannuna. Ɓawon ɗorawa ne mai kyau, ruwa bai taɓa shi ba, ƙwari ba su ci ba.

Ka ce me ya sa ba zan kira ka a salula ba. A salula kai ne kake magana, ni sai "to, to," ga Sadiya a tsaye tana jiran a ba ta abinta, ga hayaniyar yaranka a baya. Tun da Allah ya sa na iya haɗa baƙi a karatun manya, bari in mora. Takarda ba ta katse ni.

Abin da ke damuna hawan katanga. An ce gidan da kuke gyarawa a unguwar Birni ya fi shekara ɗari, kuma soronsa ya tsage. Kada ka hau sama don an ce kai ne babba. Babba yana tsayawa ƙasa ne ya nuna da hannu. Yara tara, har da 'yan mata, in ɗaya ya faɗo wa za a kama? Kai. Da Kano ka bi babanku kamar sa'o'inka, da hankalina ya fi kwanciya.

Sai wata magana. Ranar da ka kira Sadiya, sau uku na ji ka ce Inna Salamatu. Wace ce? Ban san muna da dangi mai wannan suna a Damagaram ba.

Ka gai da yaran. Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifiyarka,
Mariyama


Damagaram, 9 ga Maris

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina fata kina lafiya, da Sadiya da sauran 'yan gida. Makuba ta iso, na gode, Allah ya saka. Da aka sauke buhun yara suka zagaye shi. Muntaka ya cusa hannu ya kai baki, ya ɗauka abin ci ne. Har yanzu ana yi masa tsiya.

Inna, maganar tsayawa ƙasa ba za ta yiwu ba. Yaran nan ƙungiya ta tattaro su ne cikin waɗanda suka gama lakwal, wato makarantar boko, ba aiki. Makon farko da na ce a cuɗa ƙasa da ƙafa, suka tsaya suna kallon takalmansu. Sai da na tuɓe nawa na shiga har gwiwa suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Haka hawan ma. In ban hau ba, ba mai hawa. Amma ina kula. Mun canja azara huɗu a soro, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Yanzu sun fara jin daɗin abin. Muntaka bakinsa ya yi yawa, amma ba wanda ya kai shi hannu a tubali, in ya jera sahu sai ka rantse da igiya ya auna. Firdausi kuwa ita ke kwafe tsohon zanen bango a takarda kafin mu taɓa, don mu mayar da shi yadda yake. Shef suke ce mini, wato shugaba, ko na hana.

Inna Salamatu ba danginmu ba ce. Hajiya ce, jikar wanda ya gina gidan, ita kaɗai ta rage a ciki. Ta haura saba'in, 'ya'yanta duk sun rasu. Tana zama a inuwa kan kujera, kuma ba lungun da ba ta san yadda yake a da ba. Ta nuna mana wata taga da aka toshe tun kafin a haife ni, muka buɗe, iska ta shigo ɗakin nan take. Da rana ita ke dama mana fura. Sai ki ji ta ɗaga murya, "Sallau, sauko ka sha, katanga ba ta gudu." Dukanmu Inna muke ce mata.

Ga abin da nake so in tambaye ki. Babban aikin da ya rage ƙasan zaure ne. Mai duba aiki na ƙungiya ya so a zuba siminti. Na roƙe shi a bar mu mu yi daɓe kamar yadda yake asali, ya yarda, in dai an gama kafin ruwa. Hajiya ta ce a zamanin mahaifinta ana jiƙa makuba dare ɗaya, a daki ƙasa wuni guda ana waƙa, a buɗe ƙofofi ta bushe. Na tuna ɗakin Kaka da kika daɓe, har yau ko tsaga babu. Ke ma haka kika yi?

Ki gai da Sadiya, ki ce ta daina cinye mini kuɗin kira da labarin ƙawayenta. Na bar ki lafiya.

Ɗanki,
Sallau


Matameye, 13 ga Maris

Zuwa ga yayan su Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Takardarka ta zo. Sadiya ta so ta karanta mini, na hana ta, na karanta da kaina har sau biyu.

Na ji labarin Hajiya, ya ci kusan rabin takarda. Allah ya ba ta lada. Amma furar nan, ka san da wane ruwa ake dama ta? Cikinka ba ya son nonon da ya kwana biyu, tun kana ƙarami haka kake. Ita ba ta sani ba. Ina za ta sani?

Kuma na ga sunanka a bakinta kamar ita ta raɗa maka shi. Ni shekara ashirin da shida ke nan bai taɓa fita bakina ba. Kai ɗan fari ne. Kakarka ta goya ka, ita ta yi maka wasa, ni ina kallo daga bakin murhu, in ka faɗi sai in kau da kai don kada a ce ba ni da kunya. Haka muka tarar, haka na yi. Yanzu wadda ba ta san ranar da ka yi haƙori ba tana ƙwala maka kira a gaban jama'a, kai kuma ka sauko da gudu. To. Inna nawa gare ka, in sani, don in san layin da zan tsaya.

Maganar daɓe kuwa, tun da kana da mai sani a kusa da kai, 'yar babban gida, wadda ta ga na zamanin mahaifinta, ku yi yadda ta ce. Ni daɓen ƙauye na sani.

Ga daddawa da ƙuli-ƙuli a cikin leda baƙa. Naka ne. Ban aiko don a raba ba.

Ka riƙa sa hula in za ka hau sama, ranar yanzu ba ta da kyau. Allah ya kiyaye.

Mahaifiyarka,
Mariyama


Damagaram, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Abubuwa ba su yi daɗi ba a nan.

Mun yi daɓen ranar ashirin ga Maris, yadda Hajiya ta ce. Tun safe har la'asar yara suna duka, matan unguwa suka shigo suka taya mu da waƙa. Ya fito ja, sumul, har mutane suna leƙowa daga titi. Muka buɗe ƙofofi biyu don ya bushe.

Kwana goma bai cika ba ya fara tsagewa kamar gindin tafki da rani. Yanzu in an sa tsintsiya ƙura ce ke tashi. Shekaranjiya mai duba aiki ya zo, ya durƙusa ya soka makullin motarsa a ƙasa, ya shige. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In daɓe bai kama ba za a zuba siminti, gida na gaba kuma ɗan kwangila za a ba, a sallami yarana.

A gabansa Muntaka ya ce, "Shef, ashe wuni guda ka sa muka yi ta dukan ƙasa a banza." Jiya bai zo ba. Ƙaninsa ya ce ya bi masu haƙar zinariya arewa. Sau biyu a baya na hana shi wannan tafiyar, ina ce masa ga sana'a a hannunka, ka tsaya. Saura takwas, kuma biyu daga cikinsu sun daina haɗa ido da ni.

Hajiya kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana cewa ita ta jawo mana. Na ce mata ba laifinta ba ne. Ni dai na rasa inda matsalar take. Ko ƙasar ce, ko hannunmu. Ko kuwa makubar ce ta tsufa? Ki tambayi matar Yauri ko ta bara ce da gaske.

Ki sa ni a addu'a. Ki gai da kowa.

Ɗanki,
Sallau


Damagaram, 8 ga Afrilu

Zuwa ga 'yar'uwata Mariyama,

Aminci da yardar Allah su tabbata a gare ki da iyalinki. Ni ce Salamatu ta gidan da ɗanki yake gyarawa. Ban iya rubutu ba, yarinyar nan Firdausi ce take rubuta abin da nake faɗi, kuma na sa ta yi alkawari ba za ta kai shi ko'ina ba.

Zan fara da nawa laifin. Ban taɓa riƙe madaɓi ba a rayuwata. A gidanmu mata ake kawowa daga ƙauye su yi. Ni ina yarinya, ranar kiɗa da waƙa kawai ake barin mu mu leƙa. Abin da na gani ranar nan shi na ɗauka shi ne duka aikin. Da yara suka zagaye ni suna tambaya, daɗi ya kama ni, na kasa cewa ban sani ba. Shekara nawa rabon da wani ya tambaye ni wani abu.

Saura naki. Ranar da takardarki ta zo, Sallau ya karanta mini ƙarshenta yana murna, wai ga shi Innarsa ma ta ce a bi maganata. Shi namiji ne, abin da aka rubuta ya ji. Ni na ji abin da aka ce. Matar da ta daɓe ɗakin da ya shekara ashirin bai tsage ba ta san dare ɗaya bai isa ba. Kin sani, kika yi shiru.

Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ɗanki ban ɗauke miki shi ba, baiwar Allah. In aikin nan ya ƙare zai naɗe tabarmarsa, ni a bar ni da katangu masu kyau. Fura ce kawai nake damawa, ita ma ya ce ta cika tsami.

Ki aiko da yadda ake yi, kwana ya ƙure. In kina jin nauyi, ki ce a bakin wata tsohuwa kika ji bayan kin bincika. Ni zan ce haka ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Salamatu


Matameye, 11 ga Afrilu

Zuwa ga yayan su Sadiya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta zo, ta Hajiyarka ma ta zo.

Ashe abin da nake rubuta maka a gabanta kake karantawa. Wuni biyu nake yi kafin in cika takarda ɗaya, ina gogewa ina sakewa, ko Sadiya ban bari ta gani ba. Kai kuma ka kai tsakar gidan mutane. Wannan ya yi mini ciwo, ka sani.

Ta ce in ɓoye maka wata magana, ita za ta rufa mini asiri. Ban yarda ba. Ba za a yi wata mace a Damagaram da take riƙe da sirri tsakanina da kai ba, tana kallonka tana kallona tana jin ta yi mini alheri. Gara ka ji a hannuna.

Makubata ba ta tsufa ba, kada a ɗora wa matar Yauri. Ranar da ka tambaye ni, na san dare ɗaya bai isa ba. Na san in aka buɗe ƙofofi da wannan zafin zai tsage. Na sani, na ce ku bi ta. So na yi ka ga ba komai ta sani ba, ka dawo ka sake tambayata. Ban yi tunanin mai duba aiki ba. Ban yi tunanin yaron nan Muntaka ba. Ba zan ce shaiɗan ne ba, ni ce.

Ga yadda ake yi, ka karanta wa yaranka wannan, shi na yarda.

A fasa na farko duka, kada a yi ganda a ce za a ɗora a kai. A tankaɗe ƙasar, a cire tushen ciyawa, a haɗa da tsakuwa ƙanana. Makuba a daka ta, a jiƙa a randa kwana uku a rufe, har ruwan ya yi baƙi-baƙi, in ka sa yatsu biyu ka ji suna kama juna. In bai kama ba a ƙara kwana. Duka kuma ba na wuni ɗaya ba ne. Ranar farko da ruwa zalla, a jera a sahu, a fara daga ƙurya a ja da baya zuwa ƙofa. Rana ta biyu da ta uku a yayyafa ruwan makuba a sake bi, a hankali, ba da ƙarfi ba. Waƙar nan da kuke ganin wasa ce, ita ke sa hannuwa su sauka tare. In wani ya riga wani, wurin zai yi tudu da kwari. Bayan nan a rufe ƙofofi da asabari, kada rana ko iska su gan shi. Kullum da safe mutum ɗaya ya shiga ba takalmi, ya yayyafa, ya bi duk inda ya ga layi kamar gashi ya danne shi. Kwana bakwai.

In ka lissafa za ka ga kwanakin sun isa, in an jiƙa gobe. Ga wani buhun na ba Cha'ibu, da madaɓaina guda biyu. Na itacen ƙiryar ya fi nauyi, a ba mai ƙarfi.

Abin da za ka ce mini, ka ce. Allah ya ba ku sa'a.

Mahaifiyarka,
Mariyama


Matameye, 27 ga Afrilu

Zuwa ga yayan su Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya.

Sau huɗu ke nan ina zuwa tasha, Cha'ibu yana juya mini tafin hannu. Ya ce ya ba ka buhun da takardar hannu da hannu. Na sa Sadiya ta kira ka, ka ce mata kana cikin aiki. Na tambayi Cha'ibu ko ka rame, ya ce bai lura ba, ya same ka a tabarmar Hajiya kuna cin tuwo. Ban tambaye shi wannan ba, shi ya ƙara.

Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, bai zubo ba. Na tsaya a tsakar gida ina lissafin kwanakinku. In kun jiƙa ranar da na ce, yanzu ya kamata a ce an buɗe ƙofa. Ya kama? Ruwan ya yi yauƙi kafin ku zuba? Na manta ban ce ba, kada a jiƙa a abin ƙarfe.

An ji labarin Muntaka? Kullum ina sa shi a addu'a, ko fuskarsa ban sani ba. In kana da hanyar uwarsa, ka gaya mini sunanta.

Babanku ya ce zai taso cikin mako mai zuwa. Ban gaya masa komai ba tukuna. Zan gaya masa.

Ko faɗa ne ka rubuto. Layi biyu ya isa.

Mahaifiyarka,
Mariyama


Damagaram, 5 ga Mayu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa. Daɓen ya kama. Mai duba aiki ya gwada da makulli, bai shiga ba. An ba mu gida na gaba.

Muntaka bai dawo ba, ba a kuma ji daga gare shi ba. Sunan uwarsa Fadila. Na je na gaya mata ni na kasa riƙe shi. Sauran maganar, ta tsakanina da ke, ban iya rubuta ta yanzu ba.

A gidan Hajiya akwai ɗaki ɗaya a baya da ba mu daɓe ba. Firdausi da sauran sun ce takarda ta ishe su, hannun mai ita suke so su gani. Cha'ibu zai ajiye miki kujerar gaba ranar Asabar. In za ki zo, ki sani ɗakin kwana ɗaya ne mai rufi a gidan, na Hajiya. Ta ce ta share.

Ɗanki,
Sallau